Injin da Na Lulluɓe da Katifa

Ba zan taɓa mantawa da bikin abokina Sanusi a Kekun Waje ba, ko da yake na so a ce na manta. Daga Gusau na tafi da ɗan janaretona a bayan mota, don a san mu 'yan unguwar Tudun Wada ba ma kwana cikin duhu.

Ina sauke shi mahaifin Sanusi ya ja ni gefe. Ya ce dokar garin ce, da an yi magariba ba a tada inji, domin 'yan sa-kai da kunne suke gadi, ƙarar baburan 'yan bindiga suke saurare tun daga nesa. Na ce to, Baba. (A raina kuwa cewa na yi doka ba ta hawa kan mai dabara.)

Bayan isha'i wayata ta mutu. Na kai injin bayan rumbu, na tada shi, na lulluɓe shi da tsohuwar katifa don kada a ji, na ja igiyar wuta zuwa ɗakin baƙi. Ashe ƙarar da aka danne daidai take da ta babura masu tahowa daga daji.

Ko zama ban gyara ba wata mata ta ƙwala ihu, "Ga su nan!" Gari ya hargitse, amarya ta fita ba takalmi. Ni kuwa wallahi ko tuna injin ban yi ba. Na tsallake danga, na wuce tsofaffi biyu a guje, na kwanta cikin gonar dawa. Ina jin ƙarar ina kalmar shahada. Kusa da ni wata uwa ta toshe bakin jaririnta da hannu, tana kuka ba sauti.

'Yan sa-kai suka lallaɓa da bindigogi suka kewaye rumbu. Igiyar suka bi har ɗaki, inda wayata ke shan caji, hotona da karkatacciyar hula a fuskarta.

Da safe Baba bai yi faɗa ba. Kakar ango ce, wadda aka gudu da ita a baro, ta dube ni gaban jama'a.

"Ɗan birni, kai ka tada abinga, kuma kai ka riga kowa shiga dawa?"

Aka yi dariya, amma ban da uwar jaririn nan. Kallona kawai ta yi, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Tun daga ranar, in na je garin mutane suka ce bari, dabarata a mota nake barinta.