Rasuwar Rautan da ke Kan Firjinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har ta kai ba ta jin komai, ni Octavian Brânzei, wanda ake kira Tavi, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar rautan gidanmu, baƙin akwatin nan mai kunnuwa biyu da ke raba mana intanet daga kan firji.

Marigayin ya daɗe yana yi mana hidima. Bai taɓa ɗaga murya ba, in ban da ɗan gurnanin da yake yi idan murhu ya ɗumama ɗaki. Ta hannunsa ƙanwata Ilinca, mai jinyar tsofaffi a Padova, can ƙasar waje, take leƙo mahaifiyarmu Profira ta allon kwamfuta duk Lahadi bayan coci. Mama ta manta sunana tun bara, amma fuskar Ilinca ba ta ɓace mata ba.

Ciwon ajalin ya soma da ruɗewa. Fitilunsa kore shar, amma in ka rubuta sunan shafi sai ya ce bai san wurin ba. Maƙwabcinmu Dorin mai gyaran kwamfuta ya duba shi ya ce, "Layi lafiya lau, Tavi. Ba shi lamba ya kai ka, sunaye ne suka gagare shi." Muka sauya masa inda yake tambayo sunayen. Ya ɗan farfaɗo, ciwo ya dawo.

Dorin ya ce sai an sabunta manhajar cikinsa. Aiki ya kai rabi aka ɗauke wuta. Da ta dawo, jar fitila ɗaya ce ta kama, ba ta ko ƙyaftawa. Dorin ya danna maɓallin baya da tsinke har ya gaji, ya zare waya, ya ce, "Sai haƙuri, maƙwabci." Na ce to. Na tashi na ɗora miyar wake.

Ya rasu ya bar caja, da wayoyin haɗi biyu, da tsohuwa a kujera gaban allo sanye da ɗankwalinta na coci. Ta tambaye ni, "Malam, yarinyar ta yi fushi ne?" Na ce tana hanya. Kamfanin intanet ya ce sabon rauta sai dusar ƙanƙara ta saki hanya.

Za a kai shi makwancinsa ranar Asabar, a kwandon tsofaffin kayan lantarki da ke bayan kasuwar Vaslui. Ba a buƙatar furanni. Mai son yin ta'aziyya ya zo ranar Lahadi da wayarsa a cike da caji da data. Sabis na kamawa a gindin bishiyar bayan rumbu, kuma zan iya goya Mama har can ta ga Ilinca.