Layin da Ba-Tabo Ya Ƙara

"A haska ni da fitila tun daga hula har takalmi, wanda ya ga ɗigon datti na ba shi motata." Da wannan kirarin mataimakin darakta yake buɗe kowane taro, shi ya sa ma'aikata suka laƙaba masa Ba-Tabo. Mutum ne mai tumbi kamar randa, ga iyayi, ga raina jama'a. Dangin matarsa ma cewa yake ba ajinsa ba ne, in sun zo gaisuwa ko ɗago kai daga jarida ba ya yi.

To mai karatu, ranar da aka ba shi shugabancin kwamitin gyaran dokar ɗa'ar ma'aikata, sai da ya kulle ofis ya taka rawa. Ba gyaran ne ya dame shi ba, kujerar darakta yake hari, don ya ji ƙishin-ƙishin cewa mai kawo wa ofis kujeru ɗan'uwan daraktan ne.

Ya rubuta cewa kowane jami'i zai cika fom ya bayyana 'yan'uwansa da ke kasuwanci da ofis. Sakatariyarsa, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta ce ai mai kujerun ba jinin darakta ba ne, mijin 'yar yayar matar daraktan ne. Gogan naka ya fizgi biro ya ƙara layi: har da surukai, na kusa da na nesa. Ta ce in mutum bai san da dangantakar ba fa? Ya sake ƙara layi: rashin sani ba hujja ba ne, wanda bai bayyana ba a sallame shi nan take, ba ɗaukaka ƙara.

"Yallaɓai, ragar nan ta yi faɗi," in ji ta.

"Babban kifi nake nema, Hajiya. Ke dai buga."

Saura kwana biyu a ƙaddamar da doka, injin buga takardun ofis ya ce bai san zance ba. Ba-Tabo ya koma gida yana huci, matarsa ta ce ta san wani mai ɗab'i mai saurin aiki. "Ko waye a ba shi," ya ce yana cire safa, ya rattaba hannu a takardar aikin.

Ranar taro zaure ya cika maƙil, ga shugaban hukuma, ga 'yan jarida. Darakta ya karɓi fom ya rubuta sunan mai kujeru ɓaro-ɓaro, aka ce abin da ke kansa kawai ya riƙa fita daga ɗaki in za a yi maganar kujeru. Ba-Tabo ya ji kamar ya fashe don takaici: garin zumuɗi ya manta dokarsa mai ɓoyewa take ci. Ya huce a kan nasa fom ɗin, ya zana BABU da manyan baƙaƙe, ya ɗaga wa masu hoto.

Ana cikin tafi wani magidanci ya shigo da kwali a kafaɗa, ya durƙusa a gaban Ba-Tabo, daf da lasifika.

"Baba, ga sauran fom ɗin. Gwaggo ta ce in ba ka hannu da hannu."

"Wace gwaggon?"

"Matarka mana. Ni ne mijin 'yar yayarta. Ai ka zo ɗaurin aurenmu, a mota ka zauna."

Ba-Tabo ya zabura. Ya rantse da girman Allah bai sani ba. Sakatariya ta gyara tabarau, ta karanto masa layin da ya ƙara da hannunsa, a hankali, ba ta tsallake ko ɗigo ba.

Shugaban hukuma ya tambaya ko akwai takardar sallama a kusa. Mai ɗab'i ya buɗe kwali da murnarsa.

"Ga ta, ranka ya daɗe, mai kauri ce. Baba da kansa ya rubuto cewa in yi ta da kyau, don wanda zai fara karɓa ya samu ta ratayewa a falo."