Na Jera Uku

Da aka kawo darar Turawa, mai sarki da dawaki, makarantarmu ta Dutsin-Ma, ban tsaya koyo ba. Ni da na gagari dattawan kasuwa a darar gida?

Malaman Kurfi suka zo gasa, aka yi kunnen doki, saura ni. Hedimasta ya ce, "Malam, ka dai san dokokin?" Na ce ya zauna.

A dararmu, wanda ya jera uku sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Na jera uku, na miƙa hannu na ɗauke sarkin abokin karawata, na sa aljihu.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Malam, in kun gama gaisawa, maido mini shi."

Kurfi ta tafi da kofi. Har yau, in na zama na uku a sahun salla, sai na gefena ya dafe hularsa.