Ranar da Na Ƙi Surka Maganin Tumatir

Shekarar da abokaina suka tafi ci-rani Kano, ni kaɗai na rage a garka, ba abokin hira sai wayar da nake koyon Ingilishi da ita. Da Alhaji maƙwabcina ya kawo kwalbar maganin ƙwari daga Najeriya, na gyara zama na karanta masa rubutun da ke jikinta.

"Dilute, Alhaji. Daga Latin ta fito, ma'anarta a surka da ruwa."

"To, mu surka mana."

"Ai don matsorata aka rubuta wannan."

Na feshe tumatirina da shi tsantsa. Kwana biyu, suka ƙone ƙurmus. Yanzu ba mai leƙo garkata sai Alhaji, shi ma ta saman darni: "Malam Latin, yau me za mu ƙona?"