Yaron da Na Liƙa a Ɗaki

Duk Gwallaga an san ni da korar samari daga shagon caca. To, ni ce na ga hoton wani yaro a bango, riƙe da ƙaton kwali, yana murmushi irin na ɗana da ya daina kirana. Ban iya karatu ba, amma na yanke cewa digiri ya gama. Na ɓamɓaro na liƙa a ɗaki, ina cin tuwo ina masa hira, ina ce wa samari su yi koyi da shi.

Maƙwabciyata Maman Chidi ta ce, "Inna, tallan caca ne. Murmushin ma biyansa aka yi."

Ban cire hoton ba. Yanzu samarin kan rusuna su ce, "Inna, za mu je koyi."