Rasuwar Tsibirin Gishiri, Tsakanin Azahar da La'asar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Badaruddeen, malamin dabbobi a Kurfi, nake sanar da rasuwar Tsibirin Gishiri, sabon ƙarin da aka yi wa gem ɗin tsalle-tsalle da ke wayata. Na buɗe shi bayan azahar ranar Talata, ya cika kafin a kira la'asar.

Jama'a sun san babur ya kayar da ni a hanyar Barkiya, na karye a cinya. Tun da aka yi mini ɗori nake kwance, ba mai tsalle a madadina sai ɗan mutumin cikin gem. Na gama tsohon har sau uku. Da na ji an fito da ƙari na 'yan fashin teku, sai na ce na samu abokin jinya. Sabis ɗin unguwarmu ya kasa sauke shi, don haka ranar Litinin maiɗakina Sauda ta ajiye ɗinkinta, ta kai wayar Dutsin-Ma, ta wuni a gidan yayarta tana gadinta.

Ba za mu ɓoye alherin mamaci ba. Kyakkyawa ne, tekunsa har ƙyalli yake. Ka kama igiya ka yi lilo daga wannan jirgi zuwa wancan, igwa na "bum!" a ƙarƙashinka, katako na "ƙiiii". A cikin lilon nan na manta da ƙafata sarai, abin da allura ta kasa yi mini.

Amma yana da halinsa. Ɗan fashin teku ne, bai iya iyo ba. Ruwa ya taɓa masa idon sawu, ya mutu. Da masuntan dam ɗin Zobe sun gani da sun sha dariya. Kyamara kan juya maka baya daidai lokacin da za ka dira. Tsibirai huɗu ne kacal, na huɗun ma na farkon ne aka sake wa fenti. Shi kuwa kyaftin ɗin da aka yi ta tsorata mu da shi, sau uku na taka masa kai ya faɗi. Na gyara matashi ina jiran mataki na gaba, sai sunayen waɗanda suka ƙirƙire shi suka fara hawa fuskar waya. Maganar mamacin ta ƙarshe: "tilin-tilin".

Sauda ta shigo da fura. "Baban Raudatu, da daɗi?"

Na ce, "Ya ƙare."

Ta dube ni, ta dubi wayar, ta dangwarar da kwanon ta fita.

Marigayin ya bar tsohon gem ɗin, da caja ɗaya, da ni, da silin ɗakina mai tabon ruwa goma sha bakwai. Na ƙirga.

Za a goge shi daga waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sauda ce za ta danna, ita ta nemi alfarmar. Zaman makoki a ɗakina, tunda ba inda zan je. Masu ta'aziyya su taho da allon wasan lido. Ba za a tashi ba sai sadakar arba'in, ranar da mai ɗori ya ce zan fara taka ƙasa.