Garin Labo a Tandun Kaka

"Lahiya lau, angona. Wanga ɗaure huska hwa?" in ji tsohuwa Altine cikin zolaya.

Luƙman bai ƙarasa gaisuwar ba. Tun da ya iso Matankari yake birkita jaka yana neman wata 'yar kwalba mai baƙin gari. Aikinsa ne na wata da watanni a labo, ɗakin gwaje-gwajen jami'ar Yamai: jan ƙarfe da farar wuta, ya haɗa da ruwan ganyen dogon yaro maimakon magunguna masu guba. In ya ɓata, ba abin da zai nuna wa malamai. Sai ga kwalbar gefen tabarmar kakarsa Altine, wayam! Ransa ya yi mummunan ɓaci.

"Tsohuwa, ina abin da ac ciki?"

"Kwallina? Na juye. Miji ya taho hannu wohi, sai in biya kaina."

"Kwalli! Wayoyi na, sun hi gashin kanki sirantaka. Lantarki na bin su. In an zuba su cikin ruwan rini aka aje ga rana, ruwan sai shi washe."

"Waya gari-gari? Wanda ko ƙwan hitilata bai iya gyarawa! Mun kai ka lakkwal karatu, ka komo boka mai dahuwar ganye."

"Ke da ba ki gane akuyarki sai ta yi kuka, mi kwalli za ya ƙara miki? Kin sa ga ido?"

"In na sa, sake ni!"

"Ba wasa nika ba, Kaka! Makancewa za ki yi. Kin gama shi da wani kwalli?"

"Da wane?" Ta zaro tandu daga ƙarƙashin matashi ta dangwarar. "Tun da kakanka ya rasu ba wanda ya ƙara kawo min. Na wanke tandun tas, na shanya, kahin in zuba. Sallah nika jira."

Ya buɗe da sauri. Garin na nan, busasshe, ko ɗigo bai ragu ba. Hankalinsa ya kwanta, sai kuma kunya ta rufe shi. Ya miƙa hannu zai mayar cikin kwalba, ta buge hannun.

"Bari, mai rawar hannu, barar da shi za ka yi. Tahi da tandun, malamanka su ga matarka ta hi su tsabta." Ta kwashe da dariya. "Amma kak ka kuskura ka maido min shi wohi."